Ramuwar Ƙwayar Maƙoƙo

Bayan an yi mini aikin maƙoƙo a Kano, likita ya ɗora ni kan ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya ce shi zai riƙa ƙarawa a hankali. Na ce ni 'yar ajin yaƙi da jahilci ce, ba sai ya maimaita ba.

Sai na tafi biki Gafasa, na manta kwalbar ƙwayar a gidanmu a Ajingi kwana shida. Da na dawo ban shawarci kowa ba. Matar da ba ta wasa da ramuwar azumi, ƙwaya ce za ta gagare ta? Na shiga shan uku-uku, ga jarrabawarmu ta matso.

Ranar jarrabawa zuciyata na bugawa kamar ana sussukar gero, gumi ya jiƙe mayafina, hannuna na rawa. Sunana ma na kasa rubutawa, bayan wata takwas ina koyonsa.

Malamarmu ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, me kika sha?" Da na faɗa mata, ta kai ni asibiti, ta ɗaga mini jarrabawar.

Takardar shaidar dai na samu daga baya. Amma har yau in na ƙi cin tuwo, maigidana sai ya ce, "Ku ajiye mata, gobe za ta rama malmala uku."