Kyamarar da Na Ce Ta Mutu

Ni na fara sayen kyamarar dijital a gidanmu na Gaya, 'yar mai araha, don haka na ɗauki kaina masaninta. Ranar sunan 'yar ƙanwata, mata sun ci kwalliya sun jeru, na danna ta ƙi ɗauka.

"Irinsu shekara guda suke yi," na sanar da taro. "Tata ta ƙare."

Taubashina Sale ya ce, "To ba ni gawar mana." Na miƙa masa har da jakarta, na sayo sabuwa a Kano.

Ashe memori, ma'ajiyar hotuna, ne ya cika. Sale ya goge hotuna, har yau da ita yake ɗaukar hoton fasfo a kasuwar Ajingi. Sabuwar tawa tuni ta lalace. Duk sanda ya hango ni sai ya ɗaga tsohuwar: "Injiniya, marigayiya tana gaishe ka!"