Tokar da na ɓoye a ƙarƙashin hula

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ƙaiƙayin siyasa ya kama ni ba, har na ce sai na zama kansilan mazaɓarmu a Malumfashi. Mu 'yan Katolika ne tun daga kakana, kuma duk unguwa an san haka, amma da na fara neman kujera sai na riƙa ganin kamar wani sirri ne.

Dattawan jam'iyya suka sa ranar da za su ji ta bakina a zauren Alhaji Sale, shugabansu. Ranar kuwa ta faɗo a Larabar Toka, farkon azuminmu. Da safe na je coci, Fada ya dangwalo toka ya zana mini gicciye a goshi (hannunsa bai san tsimi ba). Ina fitowa na fara lissafi: dattawan nan duk Musulmi ne, kada in je musu da tambari. In goge? Zuciyata ta ƙi. Sai na yi dabarar da a lokacin na ɗauka hikima ce, na jawo hulata har bisa gira.

Zauren ya cika, ga zafi. Na miƙe na kama jawabi a kan gaskiya da riƙon amana. Har da bugun ƙirji na ce, "Ni ba ni da abin da nake ɓoye muku!" Ashe gumi ya jiƙa tokar, baƙin layi ya gangaro ta karan hancina. Na ga ana sunkuyar da kai, na ɗauka maganata ce ke ratsa su, sai na ƙara murya.

Alhaji Sale ya yi gyaran murya. "Ɗan Bitrus, cire hular nan ka sha iska. Ba yau ne ranar tokarku ba? Ɗazu babanka ya wuce da tasa a fili, har muka gaisa."

Na cire. Wani tsoho, Malam Idi, ya dube ni ya ce, "Yaro, da ka zo da ita a buɗe, da ban ce komai ba. Amma wanda ya tura Ubangijinsa ƙarƙashin hula don kujera, mu a ina zai tura mu in ya hau?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Abin da ya fi ƙona ni, ba wanda ya taɓa addinina a zauren nan. Ni kaɗai na raina shi.

Takara dai wani aka ba. Da na koma gida Baba ya kalli hancina, ya kalli hular, ya ce a kawo mini ruwa da sabulu kawai.

Tun daga nan na gane mutanenmu za su iya zama da wanda addininsa ya bambanta da nasu, amma ba sa ba da amana ga mai jin kunyar nasa. Yanzu duk Larabar Toka kaina a buɗe nake yawo, rana ta yi ta dukana.