Yadda Za Ka Cika Masaukin Gwaggonka Da Shafin Intanet

Ɗan'uwa, idan kana cin tuwon gwaggonka kana kwana a ɗakinta kyauta da sunan ka iya kwamfuta, matso kusa. Ni ne Chiukepo na nan Nkhata Bay. Bi matakan nan yadda na bi su, na yi maka alkawari baƙi za su zo mota guda.

Mataki na 1: Karɓi aikin kafin a rufe baki

Ranar da Gwaggo Nyachirwa ta ce gizo-gizo ne kaɗai ke kwana a masaukinta, kuma idan hutun Kirsimeti ya wuce a haka ɗakina za ta ba ɗan haya, ban yi inda-inda ba. Na ce shafin intanet ne maganin abin. Kai ma faɗi haka, da murya mai kauri. Da koyo akan iya, amma ba dole gwaggo ta san yau ka fara ba.

Mataki na 2: Nemi intanet na kyauta

A kan tudunmu sai ka hau mangwaro waya take kamawa. Don haka gangara bakin tafki, masaukin Baba Kondowe, wanda gwaggo ba ta gaisawa da shi tun rikicin iyakar gonar rogo. Sayi shayi kofi ɗaya ka wuni a kansa. Gwani ba ya aiki da datarsa.

Mataki na 3: Watsa tsaba

Injin bincike kamar kaza yake, inda aka watsa tsaba nan yake nufa. Rubuta "bakin tafki" a kowane layi, har a wurin farashin ɗaki. Kada zuciyarka ta dame ka, ai ana hango tafkin daga wurin gwaggo idan an hau rufin banɗaki.

Hoton ruwa kuwa, ɗauka daga inda kake zaune. Sannan sa hoton gwaggo a sama, babba, wanda zai yi ta sauka a hankali daga ɗankwali zuwa haɓa. Baƙon da ba zai iya jiran fuskar mai gida ba, dama ba baƙon arziki ba ne.

Mataki na 4: Taswira

Nan ƙananan masana suke ɓata lokaci, suna jan ɗigon da zai nuna wa baƙi inda masauki yake, suna neman lungu. Akwai maɓallin da ke cewa "inda nake yanzu". Danna shi ka wuce. Ni ina kurɓar shayin Baba Kondowe na danna nawa.

Mataki na 5: Nuna wa mai tuwo

Rubuta cikakken sunan masaukin a injin bincike, da sunanta, da na unguwa, sannan ka miƙa mata wayar. Dole ki fito a sama, Gwaggo, tunda ke kaɗai ce. Wannan a zuci za ka faɗa. Tawa ta rangaɗa guɗa, ta ba ni kan kifin chambo, rabon da ba a taɓa ba ni ba.

Mataki na 6: Tsaya kusa da ƙofa ranar baƙi

Wata Mama Tiwonge, shugabar mawaƙan coci daga Lilongwe, ta bugo ta kama ɗakunan duka. Gwaggo ta aro katifu, ta tuƙa tuwon rogo, ta sa aka yanka akuyar da take kira da suna. Ta ci ado ta zauna a ƙofa. Da la'asar waya ta yi ƙara.

"'Yar'uwa, mun sauka lafiya. Wuri ya yi kyau, ga ruwa har bakin ƙofa. Mijinki ma mutumin kirki ne, shi ya sauke mana kaya."

Gwaggo ta dubi bakin ƙofarta, kaji ne ke kiwo. Mijinta kuwa ya daɗe a kabari. Ta juya tana kallon tukwanen abincin. Har ga Allah na ji tausayinta, amma gwani ba ya nuna irin wannan a wurin aiki.

Mataki na 7: Kare aikinka da hujja

Bayyana mata cewa shafi ya yi nasara: an bincika, an gani, an taso, an iso, an yaba. Ɗan bambancin da ya rage na tudu da gangare ne kawai. Gwaggo ta saurare ni har ƙarshe, ta tambayi yadda maɓallin nan yake aiki, na yi mata bayani dalla-dalla. Sai ta shiga ta fito da jakata.

"Ɗana, je ka inda ka danna."

Baba Kondowe ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce bai taɓa samun ma'aikaci mai hazaƙa irin tawa ba.

A kula

Alkawarin baƙi na yi, ban ce a ƙofar wa za su sauka ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa ɗaki, ko akuya, ko gwaggo, babu ruwan marubuci. Mai ƙorafi ya bi taswirar shafin, za ta kawo shi har inda nake, a bayan masaukin Baba Kondowe, ina wankin zannuwan gadon mawaƙa.