Jirgin da Ya Ƙwace Mini Tebur

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin da ke ƙera jirgin ƙasan wasa mai aiki da lantarki, da injiniyoyinsa masu basira, musamman bawan Allahn da ya rubuta takardar bayani.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, kuma har yanzu a kan tebur kuke cin abinci. Mu dai a gidan nan mun daina.

Ni tsohon mai haɗa magani ne a asibiti. Da na yi ritaya, yara duk sun kama gabansu, gida ya rage daga ni sai uwarsu. Muka wayi gari ba abin da muke ce wa juna sai "ka ci?" da "kin rufe ƙofa?" 'Yarmu ta fari ta lura, ta aiko mini da jirginku wai in sami abin yi. Ba laifinta ba ne, hoton jikin kwali ta gani: wani dattijo yana murmushi, jirgi na zagaya shi. Don Allah a taimaka mini da adireshin dattijon nan, ina da tambayoyi.

Kokena na farko a kan takardar bayaninku ne. Ranka ya daɗe, na ƙare ƙuruciyata ina karanta rubutun likitoci, ba wanda ya taɓa gagarata, sai naku. Kun ce a ɗaura jar waya nan, baƙar waya can, sannan kuka buga zanen ba launi. Wace ce jar a cikin baƙaƙen nan biyu? A bayan akwatin sarrafawa kuma ga kusoshi huɗu, duk kamarsu ɗaya. Na yi bismillah na zaɓi biyun dama. Kan jirgin ya hau gurnani, yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, jikinsa ya ɗau zafi, amma ko motsawa gaba bai yi ba. Ashe waɗannan na fitilun tasha ne, na layin dogo suna hagu. Kun rubuta hakan kuwa, ban musa ba. Sai dai a kan rubutun kuka manna takardar nan mai cewa an duba komai lafiya.

Na biyu. Da na mayar da wayoyin hagu, jirgi ya tashi, amma da baya. Uwar yara tana tsaye da faranti a hannu, ta rasa inda za ta ajiye, don layin dogo ya cinye teburin cin abinci. Ta dube shi ta ce, "Baban yara, shi ma ya ga gidan ne yana neman komawa inda ya fito?" Na sauya wa wayoyin wuri ya miƙe. To, a kusa da akwatin sarrafawa gudu yake kamar an biyo shi, amma da ya kai can ƙarshen tebur, daidai kujerarta, sai ya koma rarrafe. Na sa mitar gwada wuta na auna, na tarar wutar tana tsiyayewa a kowace mahaɗar ƙarfe, kafin ta isa can ta gaji. Dole na ja wasu wayoyin ta ƙarƙashin tebur zuwa wancan ɓangaren. Shin akwai dalilin da ya sa ba ku faɗa wa mai saye cewa zai kwanta rigingine a ƙasa da sukudireba a baki ba? Mutum mai jikoki fa. A haka maƙwabciya ta shigo ta same ni, ta yi salati, ta tambayi uwar yara ko a kira mota.

Na uku shi ne babba, kuma ina roƙon a karanta wa injiniyoyi shi a tsaye. A cikin kwalin akwai layin da ke lanƙwasowa ya dawo kan kansa, don jirgi ya juya. Na haɗa shi yadda hoto ya nuna. Ina kunnawa sai wata 'yar fitila ja ta kama, wuta ta ɗauke. In kashe, in kunna, ta sake ɗaukewa. Ana cikin haka ƙanin matata ya zo gaishe mu. Direba ne, amma tun da ya taɓa canja ƙwan fitila a gidan biki yake ɗaukar kansa masanin lantarki. Ya leƙa ya ce, "Yaya, ai fis ɗin ne matsoraci, bari ka ga aiki." Ya kwance taransifomar da ke ba jirgin wuta, ya cire fis, ya maye gurbinsa da guntuwar waya. Na ce masa anya? Ya ce in matsa.

Ranka ya daɗe, ban san ƙaramin abu haka yana iya riƙe hayaƙi mai yawan nan ba. Tartsatsi ya tashi, ƙauri ya cika falo, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, a daidai lokacin da uwar yara ke kallon ƙarshen shirin da ta daɗe tana bi a talabijin. Har yau ba ta san wanda ya kashe attajirin ba. Ƙaninta kuwa ya tuna yana da fasinja. Bayan na samo wata taransifomar ne na gano cewa lanƙwasar nan tana haɗa layin dama da na hagu, jar waya ta sumbaci baƙa ke nan, kuma wasu 'yan robobi da na ɗauka tarkacen kwali ne, su ake saƙalawa a raba su. Sai da na zazzage kwandon shara na tsince su.

Duk da haka jirgi bai daidaita ba. Ya tafi, ya tsaya, ya yi tari, ya tafi. Na bi kowace waya, na ɗaure kowace kusa, a banza. Wata safiya uwar yara ta fito da jakarta ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce, "Zan je wajen 'yata in huta. Amma kafin in fita, abin nan zai koma kwalinsa." A muryarta na ji ba wasa take ba. Sai dai ita mace ce da ba ta adana abu da datti. Ta ɗauko tsumma da sifirit ɗin da nake wanke ciwo da shi, ta bi layin dogon nan tana gogewa tana mita, tsumma na fitowa baƙi ƙirin. Na roƙi alfarmar kunnawa sau ɗaya na ban kwana.

Jirgi ya zagaya sumul, ko tari babu. Ya sake zagayawa. Ta ce, "Wannan abin murɗawar, shi ke ƙara gudu?" Na ce shi ne. Ta ce, "Matsa in gani."

Wannan ya kawo ni ga kokena na ƙarshe. Da wane tunani kuka sa akwatin sarrafawa ɗaya tak a cikin kwali? Ba ku san akwai gida mai mutum biyu ba ne? Jakar tana nan an kwance ta, ba inda aka je. Uwar yara ta zama direba, kuma direba marar tsoron Allah. Ba ta rage gudu a kwana, tarago ya tuntsura ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da rabona da ji tun yara na gida. Surutu kuwa yanzu har ya yi yawa: a ƙara gada, a sayo tasha, a ja layi zuwa kan kabad. Ni da na kwanta a ƙarƙashin tebur, ni da na shaƙi hayaƙi, muƙamin da aka ba ni shi ne ɗaga abin da ya faɗi.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, a aiko mini da akwatin sarrafawa na biyu. A rubuta a jiki cewa na maigida ne, da manyan baƙaƙe. A gafarce ni in rubutuna ya karkace, a kan gwiwa nake yi. Zan dakata a nan, ana ƙwala mini kira daga falo, wani taragon ya sake faɗuwa.

Allah ya ƙara wa kamfani ɗaukaka, ya ba injiniyoyinku irin haƙurin da suka koya mini.

Naka mai biyayya har kullum,
Tsohon mai haɗa magani,
Mai ɗaga tarago na yanzu.