Makullin Motar Kaka

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinki ba. Ke fa, ya fama da rashin tsawo?"

"Da sauƙi, Kaka. Ya ƙarfin jiki, in akwai saura?"

Guntuwa ta ajiye 'yar jakarta a bakin rumfa tana ƙare wa tsakar gidan kallo. Kakanta ne ya laƙa mata sunan nan tun tana rarrafe, wai in ta girma zai canja mata, ga shi har ta kama aiki bai ga dalilin canjawa ba. Motarsa na tsaye inda ta saba, an wanke ta tana ɗigar ruwa, ƙofofi da but duk a hangame. Kewaye da ita kuwa kamar an zazzage gareji. Ga tayoyi, ga jak, ga jarkoki, ga katifa a naɗe, ga wata sarƙa mai kaurin damtse.

Kaka tsohon direban babbar mota ne. Da ya ajiye aiki ya sayi wannan 'yar ƙaramar yana lallaɓa ta kamar jinjira. Yanzu yanar ido ta rage masa gani, likita ya ce sai an kai shi babban asibiti an kankare, asibitin kuwa tafiyar yini ce. Za su sauka gidan Kawu, washegari a shiga da shi. Mama ba ta iya kallon idon mahaifinta ta ce ya ba da makulli, shi ya sa ta turo wadda bakinta ba ya jin nauyinsa. "Ki yi yadda za ki yi," ta ce mata a waya, "amma kada motar nan ta fita ƙofa yana kan sitiyari." Tuƙi ba baƙon Guntuwa ba ne, ita ke jan motar 'yan makaranta. Matsalar dai makullin, wanda ke rataye a wuyan Kaka da igiyar takalmi, can cikin riga.

"Kaka, tashi za ka yi daga unguwar? Da ka faɗa min da na zo da masu dako."

"Tafiya za a yi. Ke da iyakarki daga ƙofar makaranta zuwa bayan kasuwa, ina kika san shirin hanya?"

"Tayar safaya har biyu. Motar ƙafa shida gare ta?"

"In ɗaya ta fashe fa?"

"A sa safaya."

"In ita ma ta fashe?"

"Sai mu ɗaura ka a gurbin, ai ka fi su tauri."

Kaka ya yi kamar bai ji ba, ya sunkuya yana jan sarƙar nan tana ƙara a kan siminti.

"Wannan kuma giwa za mu ɗaure a hanya?"

"Ta jan mota ce."

"Ai ta fi motar nauyi. Muna sa ta a but gaban motar zai ɗaga sama, mu isa asibiti muna gaisawa da tsuntsaye."

"Ke dai ko'ina aka je sama kike kallo, ba sabon abu ba ne a wurinki." Ya laluba ya ɗaga jakarta da yatsa ɗaya. "Wannan ne duk kayan naki? Ko da yake ke hankici ma ya ishe ki riga da zani, har a rage na ɗankwali."

"Ni tafiya zan yi, ba gudun hijira ba. Katifar fa? An ce maka gidan Kawu a tsaye ake kwana?"

"Katifar kawunki ta san bayana ne?"

Haka suka yi ta yi. Ya saka, ta fitar. Ta juya baya, ya mayar. Bokitin roba kaɗai ya shiga but ya fito har ya gaji, daga ƙarshe ta dire shi a bayan motar ta jefa jakarta a ciki. Da ta zo kan wata jarka mai ruwan ɗorawa sai ta tsaya.

"Wannan fa?"

"Baƙin mai ne, na inji."

Ta buɗe murfin ta sunsuna. Man girki ne, wanda Mama ta aiko masa da shi.

"Ka zuba mata?"

"Ban kai ga zubawa ba."

"Allah ya taimake mu. Da mun shiga gari muna ƙamshin suya, karnuka na bin mu a baya. Man girki ne, Kaka."

Ya gyara hula. "Gwada ki nake. Direban da bai san warin mai ba ai fasinja ne."

"To na ci jarrabawa. Kawo makulli."

"Wane makulli? Na ɗakin girki yana jikin ƙofa."

"Wanda ka rataya a wuya kamar akuyar da ake tsoron ta ɓata."

"Ke wa ma ya koya miki tuƙi da har za ki taɓa min mota?"

"Wani tsoho ne mai faɗa. A filin ƙwallo ya koya min, yana bubbuga gaban mota yana cewa zan kashe shi kwanansa bai ƙare ba. In ban iya ba, shi za a kama."

"Bawan Allah, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ɗalibar ce sai an ɗaga ta take hango titi." Ya dafa rufin motar ya buɗe ƙirji. "Ni da na taɓa gangarowa daga kan tsauni da tirela ba birki, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya ina cin gyaɗa."

"Bara da ka ba ni labarin rake kake sha."

"Gangaren dogo ne. Na gama gyaɗar na koma rake."

"To katangar maƙwabcinka da ka daka wancan watan fa? Ita ma gangare ce?"

"Katangar ce ta matso. Tunda aka yi mata sabon shafe ta ƙara ƙiba."

Guntuwa ta danne dariyarta ta ɗauko akwatinsa za ta saka. Nauyin ya kusa tsinka mata hannu. Ta buɗe. Kayan sawarsa ne kaf, har da rigunan da rabonsa da su tun tana firamare, da rediyonsa, da hoton marigayiya kakarta a naɗe cikin tawul.

"Kwana nawa aka ce maka za mu yi? Wannan ai kayan wanda ba zai dawo ba ne."

Ta ɗago. Kaka ya zauna a kan tayar safaya yana murza igiyar wuyansa.

"Abokina mai faci," ya ce, "shi ma da ƙafarsa ya tafi. Ya dawo ana ja masa sanda."

"Mai faci ciwon suga ne ya cinye masa ido. Naka ba irin nasa ba ne, likita ya faɗa maka."

"Likita ya faɗa. In hannunsa ya goce ai ba idonsa ba ne." Ya juya fuska wajen ƙofar gida. "Rayuwata duk a kan hanya na yi ta. In aikin nan ya ɓaci, wannan ce ta ƙarshe da zan gani. Ina so in gan ta hannuna a kan abina, ba a ɗauke ni kamar buhun masara ba."

Tun tana yarinya ba ta taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Ta mayar da hoton cikin tawul, ta rufe akwatin, ta saka shi a kujerar baya ba ta cire ko hula ɗaya ba.

"To na ji," ya ce yana miƙewa, "bari in fitar da ita waje kawai. Daga rumfa zuwa titi. Ko shi ma sai uwarki ta sa hannu?"

Ta tuna maganar Mama, ta kuma kalli fuskarsa. Daga rumfa zuwa ƙofa ai ba nisa, kuma ya yi shekaru yana yi kullum. Ta je ta wangale ƙofar gidan, ta dawo ta rufe but, ta sunkuya za ta ɗauki bokitin da jakarta ke ciki.

Ta ji inji ya tashi. Ta ɗauka zai bari ya ɗan yi zafi kamar yadda ya saba. Kafin ta ɗago, ƙarfen bayan motar ya bugi kafaɗarta. Ta daki but da tafin hannu ta wuntsila gefe, taya ta bi ta kan bokitin ya tarwatse da ƙara. Motar ta tsaya cak.

"Wane ne?"

"Ni ce."

Injin ya mutu. Kaka ya fito yana dafa jikin mota har ya iso inda take zaune a ƙasa. Ya durƙusa, ya shafa kanta, ya tattaɓa kafaɗunta da hannayenta ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba jariri.

"Na duba madubi," ya ce. "Wallahi na duba. Ban ga kowa ba."

Ba ta ji ciwo ba, sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Amma da ta ga yadda leɓensa ke motsi ba magana, ta san in ta bar shi a haka ba zai tashi daga wurin ba yau.

"Laifina ne, Kaka. Ka daɗe kana faɗa min in ƙara tsawo na ƙi ji. Wane madubi ne zai kamo ni?"

Ya ja hanci, ya goge fuska da hannun riga.

"Dama," ya ce. "Mutum kamar murfin kwalba, a ce sai an gan shi."

"Ga shi ka kashe bokiti. Shi kaɗai ne a gidan nan ba ya yi min gori."

"Ya huta. Tun safe kike wahalar da shi." Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa. Bai kalli wajen sitiyarin ba. "Makulli na jikin mota. Ni dama na gaji da tuƙa mutane ba ko godiya. Manyan mutane ba sa tuƙi, tuƙa su ake yi."

"Manyan mutane a baya suke zama, kai kuwa ka cika bayan da tarkace. Gaba za ka zauna, wurin yaron mota."

"Ni ne yaron mota?"

"Kai ne. In mun tsaya ka sauka ka sa wa taya dutse. In na ce ruwa, ka miƙo. In na ga kana gyangyaɗi in sauke ka a tasha ta gaba in ɗauki wani."

"Yaron motar da ya yi aiki da ni bai taɓa kwana da yunwa ba."

"Za ka ci, in ka yi ladabi."

"Kuma maganar bokitin nan ba sai uwarki ta ji ba."

"Sai na ga halinka a hanya."

Sarƙa da katifa suka koma ɗaki, man girki ya koma inda ya fito. Tayoyin safaya kuwa ya kafe sai an tafi da su duka, ta bar masa. Ta ciro jakarta daga cikin fasassun robar ta karkaɗe, ta shiga ta zauna. Kujerar direban ta lotsa daidai jikin mai ita, tana zama ta nutse, wani ƙarfe yana sukar ta ta ƙasa.

"Kaka, wannan kujera ce ko rijiya?"

Ya juya ya shige ɗakinsa. Ta ji yana jan wani abu daga ƙarƙashin gado, sai ga shi da matashin fata, baƙi, ya sha zama har yana sheƙi. Ta san shi. A kansa ya yi duk shekarunsa na babbar mota, kuma ko 'ya'yansa bai taɓa yarda wani ya ɗora kai a kai ba.

"Ɗaga," ya ce. Ya cusa mata shi da kansa, ya daddanna gefe da gefe. "Yanzu fa?"

"Yanzu ina ganin har gobe."

Ya zagaya ya shiga ɗaya ɓangaren, ya zauna a takure, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa, daga ƙarshe ya ɗora su a gwiwa. Ta tayar da motar, ta fita da ita a hankali, ta sauka ta rufe ƙofar gida ta dawo.

"Aro na ba ki," ya ce yana kallon gaba. "Ranar da aka buɗe min ido zan karɓi abina, matashi da mota duka."

"Ranar da aka buɗe maka ido, madubi za su fara miƙo maka. Kana ganin fuskar da muke haƙuri da ita shekara da shekaru, da kanka za ka roƙi likita ya mayar maka da yanarka."

Kaka ya buɗe baki zai rama, dariya ta riga shi. Ya yi ta yi har da tari, yana bubbuga gaban motar da tafin hannu.

"Ja mu tafi, direba," ya ce. "Allah ya kai mu lafiya."