Gaisuwar Mai Hatimi ga Alƙali

Duk baƙon da ofishin shige da fice ya hana takardar zama, in yana da rabo, zai ji labarin Mai Hatimi. Allah ya yi wa mutumin nan baiwa. Bai taɓa zama a ajin koyon shari'a ba, amma ya yi wata huɗu cur yana goge tagogin wani ofishin lauyoyi, kuma a cewarsa ilimi ta gilashi ma yana shiga. Ofishinsa na bayan shagon askin surukinsa, tsakanin kwandon tawul da injin wanki. Yana da teburi, da tabarau na ado, da hatimin da ya sa aka sassaƙa masa: Babban Mashawarci Kan Ɗaukaka Ƙara. Ko jarida ka manta a teburin nan, kafin ka dawo an buga mata.

Wata Litinin wata mai ɗinki ta shigo da wasiƙa a hannu. An ƙi ba ta mafaka, wai ba ta kawo shaidar cewa an ƙone mata gida ba. An ba ta kwana goma sha huɗu ta ɗaukaka ƙara, in ba haka ba a mayar da ita da 'yarta inda suka gudo. A jikin fam ɗin ɗaukaka ƙarar da ke haɗe da wasiƙar akwai gurbi mai layi goma sha biyu, inda za a rubuta dalili.

"Yallaɓai, dalilina ɗaya ne," in ji ta. "Takardar asibitin da aka yi mini jinyar ƙuna sai bayan hukunci ta iso. Ga ta nan."

Mai Hatimi ko kallon takardar bai yi ba. Ya gyara tabarau, ya yi murmushin tausayin jahilai.

"Baiwar Allah, abin da ke kayar da ku ke nan, rashin ladabi. Alƙali guda, babban mutum, ki faɗa masa da kuka ko sallama babu? Ni na san manya. Sai an gaishe su, an tambayi iyali, an yaba adalcinsu, sannan zuciya ta yi laushi. Bar mini aikina."

Ta bar masa, don ba ta iya karanta harshen fam ɗin ba.

Kwana goma sha biyu gwanin namu ya yi yana fama. Layi huɗu suka tafi a gaishe da alƙali da fatan ya tashi lafiya. Uku suka tafi a gaishe da uwargidansa da yara da ma'aikatan kotu, har da mai shara, don kada wani ya ji an raina shi. Biyu na jinjina ga ƙasa mai albarka. Biyu kuma na gabatar da marubucin, wanda tawali'u ya hana shi lissafa duka muƙamansa. A layin ƙarshe ya rubuta cewa sauran bayani sai an haɗu. Ya buga hatimi sau uku.

"An sa maganar asibitin?" ta tambaye shi.

"An sa abin da ya fi asibiti."

Ranar zaman kotu ya ci kwat da lakataye, ya shige gaba tana biye. Mai gadi ya nemi katin shaidar lauya. Mai Hatimi ya zaro hatimi. Mai gadi ya juya shi sama da ƙasa, ya jefa a faranti tare da makullan jama'a, ya nuna masa benci a baranda. Mai ɗinki ta shiga, daga ita sai wani tafinta na kotu.

Wannan bai rage shi da komai ba. Ya sanar da masu jiran layi cewa manyan mashawarta ba sa shiga da kansu, alƙalaminsu ke shiga. Wani tsoho da ke kusa da shi ya koma ƙarshen benci.

Bayan awa guda ta fito tana share hawaye, tana dariya. Alƙali ya karɓi takardar asibitin daga hannunta, ya dubi tabon da ke damtsenta, ya dakatar da korar, ya kuma ce a ba ta lauyan gwamnati.

Mai Hatimi ya miƙe, ya buɗe hannuwa don baranda duka ta shaida.

"Kun gani ko? Gaisuwa ce ta yi aiki. Faɗa musu, baiwar Allah, ya karanta rubutuna?"

"Ya karanta, yallaɓai, har sau biyu. Rubutun ne ma ya taimake ni."

"Madalla. Ɗaga murya kowa ya ji. Me ya ce?"

"Cewa ya yi da farko bai yarda ba da na ce ba ni da mai taimakona a ƙasar nan. Amma da ya ga wannan takarda, ya tabbata gaskiya na faɗa."