Likitan Sitiyari

In ana lissafa manyan masana na wannan zamani, duk wanda ya tsallake Likitan Sitiyari ya yi wa ilimi rashin kunya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kuma sa aka rubuta a allon garejinsa, ga hotonsa cikin farar riga, ya rungume sitiyari kamar jaririn da aka haifa masa jiya. Sauran makanikai sukan kwanta a ƙarƙashin mota su tashi baƙi ƙirin. Shi Likita, Allah ya kiyaye! Tafin hannu kawai yake ɗora wa sitiyari, ya lumshe ido, ya girgiza kai irin na mai jin tausayi.

"Mota magana take yi," in ji shi. "Matsalar ita ce a duk layin nan ni kaɗai nake jin yarenta."

Hanyar bincikensa kuwa sai shi. Zai hau titin da ke gaban gareji, ya saki sitiyari, ya harɗe hannu a ƙirji. Motar sai ta sulale dama. Kowace mota, sabuwa da tsohuwa, dama take yi, domin titin nan ya gangara ne zuwa kwata saboda ruwan sama ya samu hanya. Ko kwalba ka ajiye a kai, dama za ta yi. Amma Likita bai taɓa sunkuyar da kai ya kalli ƙasa ba, abin ya fi ƙarfin wuyansa. Sai ya dawo ya sa sifana ya yi ta murɗa sandar da ke juya taya, har motar ta miƙe sak a kan karkataccen titinsa. Su kuma 'yan guntayen dalmar nan da ake maƙala wa wili don kada ya yi rawa, ɓamɓare su yake yi ya watsa a gwangwani, wai dattin kamfani ne.

Yayarsa, malamar asibiti, ita ta fi kowa shan wannan magani, don ba ta da bakin kai motarta wani wuri. Ranar nan ta shigo gareji tana murza kafaɗa.

"Auta, tun da ka taɓa motar nan hagu take ja na. Sitiyarin kuma rawa yake har haƙorana na haɗuwa."

Ba abin da Likita ya tsana a duniya kamar a kira shi Auta a gaban mutane. Ya haɗe rai.

"Yaya, hannunki ne bai da saiti. Motar da ta fita daga hannuna, makaho ma ya tuƙa ta."

To, dama abin da ke cin ransa a kwanakin nan shi ne kujerar shugaban ƙungiyar makanikai. Ya riga ya ɗinka sabuwar farar riga, ya gaya wa matarsa ta fara sabawa da zama uwar ƙungiya. Abokin takararsa wani mai gyaran birki ne, wanda Likita ke cewa ilimin tsayar da mota kawai ya sani. Don ya rufe bakin kowa, ya yi alkawarin cewa ranar zaɓe zai nuna abin da ba a taɓa gani ba. Ya ari motar Yaya.

Aka taru a harabar ofishin ƙungiya, fili shimfiɗaɗɗe da siminti, ba tudu ba gangare. A hagu an kafa wani ƙaton allo mai hotonsa, shi ya kawo abinsa. Likita ya shiga mota, ya sauke gilashi, ya yi gyaran murya.

"'Yan'uwa, ku buɗe ido ku koya. Yau kyauta ne."

Ya taka mota, ya saki sitiyari, ya fito da hannuwa biyu ta taga yana ɗaga wa jama'a. Motar, baiwar Allah, ba ta yi masa ƙarya ba. Abin da ya koya mata shi ta yi. Ta karkata hagu tana karkarwa, ta bi ta kan kujerun roba, mutane na tsalle suna salati, ta je ta yi wa allon nan karo gwaf! Hoton ya kife a kan gilashin gaba, Likita na ciki yana kallon Likita na waje, hanci da hanci.

Sai aka ji muryar Yaya ta ratsa taron.

"Auta! Fitilata!"

Kai, ko maƙiyinsa ya ji masa kunya. Amma ya fito ya kakkaɓe riga, ya dubi siminti da idon gwani.

"Filin nan a karkace yake. Wa ya yi muku shi?"

Jama'a suka yi ta danne dariya da hula. Aka shiga zaɓe. Takardar ƙuri'ar hoto biyu gare ta, nasa a dama, na mai birki a hagu. Likita ya dangwala tawada, hannunsa na rawa kamar sitiyarin Yaya, ya nufi nasa hoton da yatsa.

Da aka buɗe akwati, ko ƙuri'a ɗaya bai samu ba. Tasa ma hagu ta ja.